Sati Shida Baki a Ɗaure

Shekarun baya, bakwai ke nan in ban ɓata lissafi ba, aka ɗaure mani baki da waya. Ba habaici nake ba, waya ta ƙarfe, haƙoran sama da na ƙasa aka haɗe su gam. Na san waɗanda suka san ni a kasuwa suna karanta wannan suna cewa ai an yi daidai, da ma an bar ta har yau. Na yafe maku. Ni dillalin kayan lambu ne, albasa da barkono da tumatir da zogale, daga Jiratawa in shigo da su Maraɗi. Ba ni da gona, ba ni da shago, bakin nan shi ne jarina. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ungozoma ba ta gama yanke mani cibi ba na fara taya rezar da ke hannunta.

Amma kafin in kai ga wayar, sai kun san da maganar wana. Wana ya rasu ya bar ɗiya guda, tana da shekara tara. Kwana biyu kafin ya cika na je gaishe shi a gidanmu na Tibiri, ya sa kowa ya fita, ya kama hannuna. Mutum ne marar yawan magana, kamar duk maganar gidanmu ni aka juye ma. Ya ce, "Ga yarinyar nan. Ranar aurenta kai za ka ba da ita. Da bakinka, ba da saƙo ba." Na ce ya daina irin wannan zance, ai shi zai ba da abarsa. Ya ce in dai amsa mashi. Na amsa.

Na ɗauko ta na kawo ta gidana a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, matata ta haɗa ta da namu ta riƙe. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta koyi ɗinki, ta girma tana ce mani Baba, tana ce wa matata Inna, har yawancin maƙwabta ba su san ba ni na haife ta ba. Da ta cika ashirin wani saurayi ɗan Jiratawa ya fito, uban nasa manomi ne da na daɗe ina dillancin albasarsa. Tana son shi, yana son ta, mu kuma mun san gidan. Aka sa rana, Asabar ta ƙarshe kafin azumi, a ƙofar gidanmu na Tibiri, domin mu Gobirawa ne, can asalinmu yake. Wallahi tun ranar da aka sa ranar nake tsara abin da zan faɗa. A kan moto, wato babur, ina tsarawa, a banɗaki ina tsarawa. Na yi niyyar in yi maganar da za a shekara ana tuna ta a Tibiri.

Saura wata guda da kwana uku, da hantsi, na taso daga Jiratawa a bayan wani ɗan kabu-kabu. Ba zan ɗora mashi laifi ba, laifin nawa ne. Tun da muka hau nake ba shi labarin yadda ake gane albasar da aka cika wa ruwa, yana juyowa yana cewa "Allah, Alhaji?" ina ƙara mashi. A juyowa ta ƙarshe wani amalanken jaki ya fito daga cikin lambu ya hau hanya. Shi ya faɗa cikin rairayi ya tashi yana kakkaɓe riga. Ni kuwa haɓata ce ta sauka a kan ƙarfen gefen amalanken, kuma bakina a buɗe yake, ban gama jimlar ba.

Da na tashi zaune na ji bakin ba nawa ba ne. Na nemi in haɗa haƙorana suka ƙi haɗuwa, na gefe ɗaya sun taɓa juna, na ɗaya gefen suna lilo. Jini, yawu, haƙori guda a cikin tafin hannuna. Mutane suka taru ana ta sannu, wani ya ce a kai ni wurin mai ɗori. Aka kuwa kai ni, wani dattijo da ke nan kusa. Allah ya saka mashi da alheri, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Hannu ko ƙafa nawa ne. Wanga kuwa muƙamuƙi ne da haƙora a kai, ku tahi da shi asibiti tun bai kumbura ba."

A asibiti aka yi mani hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo. Lokotoron da ya zo duba ni dogo ne, Hausarsa a karye, ina jin ta na san Bazabarme ne. Shi ma yana ganin zanen da ke kumatuna ya san da wa yake. Kun san tsakaninmu da su, wasa ne tun kaka da kakanni. Ya ɗaga hoton ya duba, ya dube ni, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara nawa ina roƙon Allah ya kawo mani Bagobiri in rufe mashi baki." Ina da amsa, wallahi ina da amsa har uku, amma abin da ya fito yawu ne. Matata tana gefe tana hawaye, sai da ta yi dariya.

Ya nuna mana a hoton. Muƙamuƙin ya karye wuri biyu, a haɓa da kuma can sama kusa da kunnen hagu. Na haɓa za su sa mashi ɗan fallen ƙarfe da ƙananan ƙusoshi. Ya ce ta cikin baki za su bi, ba za su tsaga fuska ba, wai zanen da iyayena suka yi mata ya ishe ta. Na kusa da kunne kuwa ba za su taɓa shi ba, sai dai a daidaita haƙora yadda Allah ya jera su, a ɗaure su da waya, ƙashin ya haɗe da kansa. Sati shida. Bayan kwana biyu aka yi mani allurar barci aka yi aikin. Na farka na ji kamar an sa wa bakina kwaɗo.

Ranar sallama ya fito da wani ɗan almakashi na yanke waya. Ya ce dole ya kasance kusa da ni kullum, in amai ya taso a yi maza a datse wayar kada ya shaƙe ni, amma ban da wannan kada wanda ya taɓa ta. Na miƙa hannu. Ya dube ni, ya dubi matata, ya miƙa mata. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta nan take, ko kallona ba ta yi ba.

Zaman gidan nan ba zan manta da shi ba. Abincina ya koma abin da zai bi ta ɗan tiyo na roba, ta gurbin haƙorin da ya fita. Kunu tsararo, fura da aka dama aka tace sau biyu, romon nama ba naman. Ana soya wani abu a madafa ƙamshi ya zo ya same ni ina tsotsar tiyo kamar jariri. Na rame har wandona ya fara neman igiya ta biyu. Magana kuwa tana fita, amma ta tsakanin haƙora, ƙasa-ƙasa, sai mutum ya matso ya ce "mi ka ce?" sau biyu. Masu zuwa dubiya su yi sannu, su zauna, su ɗebi labari suna ɓata shi a gabana, ina ji ba halin gyarawa. Matata ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa sanin agogon bango yana ƙara ba sai a watan nan.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cina shi ne lissafin kwanaki. Na ƙirga na sake ƙirgawa, sati shida sai bayan ɗaurin aure da kwana goma sha ɗaya zai cika. Ɗaga ranar ba zai yiwu ba, azumi na bakin ƙofa, mutanen Jiratawa sun riga sun raba goron gayya. Da na koma asibiti a sati na uku na roƙi lokotoro ya kwance mani ko na yini ɗaya ne. Ya ce ko na sa'a ɗaya a'a. Ya ce karayar kusa da kunne mummuna ce, kuma ni ba yaro ba ne, ƙashin dattijo ba ya gaggawa.

Sai ga ƙanena ya zo daga Tibiri. Mutumin kirki ne, ba da wata manufa ya zo ba. Ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka. Ranar nan ka zauna kawai, ni sai in tsaya maka. Ai duk ɗaya ne, ni ma ubanta ne." Gaskiya ya faɗa, a shari'a ba abin da zai hana. Amma ba ya cikin ɗakin ranar da wana ya kama hannuna. Na girgiza kai. Ya ce, "To yaya shaidu za su ji ka, in ni da ke zaune kusa da kai sai na kasa kunne?" Bayan tafiyarsa na ɗauki madubi na buɗe leɓɓana na dubi wayar nan, na ce yanzu haka zan zauna gaban surukai da dukan Tibiri, kamar ɗan maraƙin da aka sa wa takunkumi? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Saura kwana uku, ranar Laraba bayan azahar, na ce wa matata zan ɗan taka in miƙe ƙafa. Ban zame ko'ina ba sai garajin wani abokina makanikin moto, wanda muka taso tare tun muna yara. Na same shi ƙarƙashin itacen bedi yana kwance wani inji. Na ja shi gefe na nuna mashi wayar, na nuna pinsin da suke datse waya da shi, na haɗa yatsu biyu na yi alamar yankewa.

Ya ja da baya ya ce, "Kai, rufa mani asiri! Ni moto nake gyarawa."

Na ce, ta cikin haƙora, ai sati huɗu ya wuce, ciwo ya daina, su lokotoro kullum sai sun ƙara kwanaki don tsoro. Na ce in an gama ɗaurin aure sai in koma su mayar. Na ce mashi kai ma ka san wana, kai ka taya ni ɗaukar makararsa. Na kawo nan, na kawo can. Jama'a, shekara talatin ina sa mutane sayen tumatirin da ya kwana uku, makaniki ne zai gagare ni? Ko da baki a ɗaure na fi shi baki. Ya yi tsaki ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai," ya tashi.

Don ya nuna mani shi ma ya san tsabta, sai ya wanke pinsin da isansin moto, wato fetur, ya sake wankewa da sabulu, ya goge a gefen rigarsa da ta fi pinsin dauɗa. Ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya, ya ba ni madubin moto na riƙe. Ya yi bisimilla. Ƙit, ƙit, ƙit, wayoyin da suka haɗe sama da ƙasa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bakina duk warin isansi. Da ya gama ya ce, "To buɗe mu gani."

Bakin ya ƙi buɗuwa. Wata guda yana rufe, jijiyoyin sun sandare, da ƙyar ɗan yatsa zai shiga. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na ce bari in gwada sallama irin wadda zan yi a Tibiri. Na cika ƙirji da iska, na wangame da ƙarfin tsiya. Ban kai ga "alaikum" ba na ji ƙas a gindin kunnena, wani zafi ya tsarga mani har tsakar ka, na ga garajin yana juyawa. Da na dawo hayyacina na nemi haɗa haƙora, suka ƙi, kamar ranar farko. Abokina ya leƙo fuskata, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Bakinka ya goce hagu. Na shiga uku, matarka za ta kashe ni." Shi ya goya ni a moto zuwa asibiti, yana tafe yana zagina, ni kuma karo na farko a rayuwata na hau bayan moto ban ce uffan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, lokotoro bai yi wasa ba. Ya duba, ya sa aka sake hoto, ya daɗe yana kallonsa. Ba Bagobiri, ba komai. Ya ce ƙarfen haɓa yana nan daram, amma na kusa da kunne da ya fara kamawa ya motsa, ɗanyen gini ne na jingina da shi. Zai mayar ya sake ɗaurewa, a sake sabon lissafi, kuma ba ya yi mani alkawarin zai koma daidai yadda ya so. Sannan ya tambayi wanda ya yanke. Abokina ya ce shi dai wucewa yake ya gan ni a hanya. Lokotoro ya dubi baƙin man da ke leɓena, ya dubi hannun abokina, ya koma kan aikinsa. Yadda aka mayar da ƙashin nan ba zan ba ku labari ba, ko maƙiyina ba na yi wa fata.

Matata da ta iso ba ta yi faɗa ba, ta dai kwance almakashin daga haɓar zanenta ta duba shi, ta mayar ta ƙulle. Da faɗan ta yi da ya fi mani sauƙi.

Washegari da safe ɗiyar ce ta kawo mani kunu da kanta, alhali an fara hidimar biki, bai kamata a gan ta tana yawo ba. Fuskata ta kumbura ta yi suntum. Ta ajiye kwanon, ta sa tiyo, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi kallona. Can ta ce, "Baba, mi ya sa?" Ta ce, "Da ka rasa bakin gaba ɗaya saboda bikina, da wane ido zan dubi Inna? Da wane rai zan shiga ɗakin?" Faɗa take yi mani sosai.

Sai na gaya mata maganar ubanta. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa faɗa mata ba, ina ajiye da ita don in faɗa a cikin jawabina, kowa ya ji. Ta matso don ta ji da kyau, na maimaita mata kalmominsa yadda ya faɗe su. Ta daɗe tana share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce, "To ai bai ce sai an jiyo ka a Jiratawa ba. Ni dai kada wani ya ba da ni kana zaune. Sha kununka ya huce."

Ranar Asabar muka isa Tibiri da sassafe. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin hanya, motocin Jiratawa sun cika, ga goro ga dabino. Na sha babbar riga, na naɗa rawani, na ja amawali na rufe baki har hanci. A raina na ce in ba a ga wayar ba, rabin kunyar ta tafi. Ƙanena ya zauna dab da ni, gwiwarsa na taɓa tawa. Limamin unguwarmu ta Tibiri, tsoho ne tukuf, shi ya yi wa wana salla, ya buɗe da addu'a. Aka faɗi sadaki, aka tambayi waliyyi, aka nuna ni. Wakilin ango ya gyara zama ya ce yana nema wa ɗansu auren ɗiyarmu.

Na ce na ba shi. Ni kaɗai na ji. Amawalin ya shanye ɗan abin da ya fito.

Liman ya karkato kunne ya ce, "Ban ji ba." Na sake, ya sake cewa bai ji ba. Na ji an fara ƙus-ƙus daga baya, wani na tambaya ko lahiya. Ƙanena ya yi gyaran murya, ya ɗan ɗago daga zaune, ya raɗa mani, "Yaya, bari kawai." Ban san lokacin da na dafe mashi gwiwa ba. Da ɗaya hannun na kama amawalin na ja shi ƙasa har wuya, na buɗe leɓɓana. Kumburin, wayar, gurbin haƙorin, bakin da ya karkace, duk na bar su a fili, Tibiri da Jiratawa kowa ya kalla.

Wurin ya yi tsit. Na yi shekaru ina ɗaga murya a kasuwa don a saurare ni, ban taɓa samun shiru irin wannan ba. Liman ya dube ni ya ce, "Sannu, ɗana. Shaidu ku matso." Dattawan sahun gaba suka jawo jiki har kawunanmu na neman haɗuwa. Sanƙiran da ke shelar abin da aka faɗa ya durƙusa ya kawo kunnensa kusa da bakina. Liman ya ce wa wakilin ango ya sake nema. Ya nema, na ce, "Na ba shi." Ya sake, na sake. A na ukun kunnen hagu kamar ana soka mani allura, amma ta fita, kuma ta fi sauran fitowa. Liman ya ce, "Na ji. Kun ji?" Dattawa suka ce sun ji, sun shaida. Sanƙira ya miƙe ya kwarara murya, "Ya bayar! Jama'a, uban ɗiya ya bayar da bakinsa! A yi fatiha!"

Na ɗaga hannu tare da mutane, hawaye na bin kumburin suna shiga cikin rawani. Ban ɓoye ba, ina ma zan ɓoye su. Ƙanena ya rungumo kafaɗata yana cewa, "Shi ke nan, Yaya, shi ke nan." Abokina makaniki yana can ƙarshen tabarma, ya ƙi matsowa don matata na leƙowa daga zaure. Aka raba goro aka ba ni nawa, na jefa a aljihu. Aka fito da abinci, ni aka kawo mani kwanon kunu da tiyo, na sha abina a gaban surukai ba tare da na juya baya ba.

Da la'asar, kafin a tafi da amarya Jiratawa, aka kawo mani ita ɗakin wana don in yi mata nasiha, kamar yadda aka saba. Nasihar da na yi wata da watanni ina tsarawa tana nan a kaina, babi-babi. Ta durƙusa a gabana lulluɓe, tana kuka. Na rasa ta inda zan fara. Sai ita ce ta yi magana daga cikin mayafi, ta ce, "Baba, ina cikin ɗaki, muryar sanƙira kawai na ji. Faɗa mani yadda ka faɗa." Na sunkuya na kai bakina saitin kunnenta na ce, "Na ba shi." Ta kama hannuna ta riƙe da hannu biyu. Nasihar ke nan duka, aka ɗaga ta aka fita da ita.

Wayar sai bayan salla aka cire ta. Azumin shekarar bai ba ni wuya ba, na riga na saba. Ranar cirewa lokotoro ya dawo da wasansa, ya ce Maraɗi ta shiga uku, hutu ya ƙare. Ya sa na yi makonni ina koyon buɗe baki da kaɗan-kaɗan, yatsa ɗaya, yatsa biyu, har uku. Haƙoran sun haɗu, alhamdu lillahi, ina cin tuwo ina cin nama, amma ba su koma daidai cif ba. In na buɗe baki sosai yakan ja hagu, yana ƙas-ƙas, rake da goro kuwa sai ta dama. Ya ce wannan ba aikin amalanke ba ne, aikin hannuna ne, kuma gaskiyarsa.

In kuka tambaye ni yau, zuwa garajin nan wauta ce tsantsa, kuma duk wanda aka ɗaure wa waya ya zo wurina ina gaya mashi ya bar ta sai ranar da aka ce. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na daɗe ina gaya wa kaina don alkawari na yi, amma da na zauna na duba, rabinsa alkawari ne, rabinsa so nake a ce wane ya iya magana. Alkawarin kalma uku kacal yake buƙata, kuma suna fita ta tsakanin haƙora. Surutu dai ban daina ba, kada ku sa rai. Amma raina a kwance yake, in na je Tibiri na bi ta maƙabarta ba na sunkuyar da kai.

Yanzu 'ya'yanta uku. Duk shekara in sanyi ya shigo gindin kunnen nan yakan yi mani tsami, kuma kafin in gaya wa kowa sai tarho ya yi ƙara daga Jiratawa. "Baba, yaya muƙamuƙin?" In ce lahiya lau. Ta ce, "Ba gaskiya ba ne, ina jin ƙas-ƙas ɗinsa daga nan. Ka ɗaura rawani, ka daina fita da sassafe, ka bar cin ƙashi." Ta yi ta yi, ta kama wannan ta saki wancan, ni kuwa ina riƙe da tarho ina murmushi da karkataccen bakina. Duk duniya ita kaɗai ce ke magana in yi shiru ba tare da an ɗaure ni ba.